Launin Tsabar Kuɗi a Matsayin Shaidar Tarihi: Daga Anini Zuwa Kwandala

1.0 Gabatarwa

Kurudu gari ne da ke cikin yankin Babban Birnin Tarayya, a kan hanyar da ta tashi daga Nyanya ta ratsa Karu da Jikwoyi ta nufi Orozo da Karshi. Asalinsa ƙauye ne na manoma, amma tun daga lokacin da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, sai ya yi ta cika da ma'aikata da tsofaffin sojoji da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban na ƙasar nan. Hedikwatar Babban Bankin Nijeriya, wanda shi ke da alhakin fitar da kuɗin ƙasa, ba ta da nisa da wannan gari. Duk da haka, da wuya a sami mai tireda ko mai kayan miya a Kurudu da zai karɓi kwandala a yau. A doka, tsabar kwabo 50 da naira 1 da naira 2 halastattun kuɗi ne, amma a kasuwa sun daina tafiya. Sun koma cikin asusu da gwangwanaye da ƙasan adaka, tare da sulalla da kwabbai na zamunnan da suka gabace su.

Duk sa'ad da aka zazzage irin wannan ajiya, abin da ke fara ɗaukar ido shi ne launi. Wata tsabar ta yi tsatsa, wata ta yi kore, wata ta yi baƙi ƙirin, wata kuma da aka sani fara ce ta rikiɗe ta yi ja. Nan take sai ra'ayoyi su bambanta. Wani ya ce jabu ce, wani ya ce gobara ta taɓa ta, wani kuma ya ce binne ta aka yi domin aikin asiri. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa sauyin launin tsabar kuɗi yana da musabbabi da ake iya ganowa, kuma ba a gano shi sai an san ƙarfen da aka buga tsabar da shi da shekarar da aka buga ta. Ta haka ne launin kan zama shaida a kan tarihin tattalin arzikin ƙasa, da kuma tarihin kalmomin da Hausawa suka laƙaba wa kuɗi.

2.0 Ƙarfe da Launi a Harshen Hausa

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a daidaita ma'anar wasu kalmomi. Bahaushe yana rarrabe ƙarafa ne da manyan launukansa guda uku: baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da farin ƙarfe. Ita kanta sana'ar ƙira a kan haka ta rabu, domin akwai maƙeran baƙi masu ƙera fartanya da gatari, akwai kuma maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla da sauran kayan ado. Sai dai kalmar "ja" tana da faɗi ƙwarai. Ta ƙunshi launin jini, ta ƙunshi launin ƙasa, har ta kai ga launin zinariya. Saboda haka idan dattijo ya ambaci jan kuɗi, yana iya nufin kwabon tagulla, yana kuma iya nufin sule mai ruwan ɗorawa, alhali kuwa tsakanin su biyun akwai bambancin ƙarfe da na zamani. Wannan abin lura ne ga duk mai tattara tarihin baka.

Haka kuma kalmar "tsatsa". A asali ta baƙin ƙarfe ce, amma a maganar yau da kullum akan yi amfani da ita ga koren da ke fitowa a jikin tagulla da farin garin da ke fitowa a jikin alminiyam. Waɗannan kuwa abubuwa ne mabambanta. A cikin wannan maƙala, "jan ƙarfe" na nufin ƙarfen zalla, "tagulla" na nufin jan ƙarfen da aka gauraya da kuza ko da zinki, wato ƙarfen nan da ake shafe kwanon rufi da shi, "tsatsa" kuma an bar ta ga baƙin ƙarfe kaɗai.

3.0 Wuri da Dala

Hausawa da maƙwabtansu sun san kuɗin ƙarfe tun kafin zuwan Turawa. Ibn Battuta, wanda ya ziyarci Takedda a ƙasar Azbin a 1353, ya ba da labarin sandunan jan ƙarfe da ake ciniki da su a can. Amma kuɗin da ya game ƙasar Hausa a ƙarni na 18 da na 19 shi ne wuri, wanda asalinsa daga tsibiran Maldibs da ke tekun Indiya yake, kuma daga jam'insa ne aka sami kalmar "kuɗi". Wuri ba ya tsatsa, ba ya kore. Iyakarsa ya dushe ko ya fashe, don haka ƙidaya ce ta dami mai karɓarsa, launi bai dame shi ba.

Maganar launi ta taso ne game da dala, musamman dalar Mariya Tariza ta ƙasar Ostiriya, wadda fatake ke shigowa da ita ta hamada. Ana ci gaba da buga wannan dala da shekarar 1780 a jikinta ko da yaushe aka buga ta. Nauyinta kusan giram 28 ne, kuma kashi 83 cikin 100 azurfa ce, sauran jan ƙarfe. Lokacin da Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500. Kuɗi mai daraja irin wannan dole a duba shi da kyau kafin a karɓa.

Azurfa tana yin baƙi idan ta haɗu da farar wuta, wadda ake samun ɓurɓushinta a hayaƙi da ƙwai da albasa da fatar da aka jeme, daga baya kuma da roba. Dalar da ta daɗe a cikin jakar fata takan fara da ruwan ɗorawa, ta koma ruwan ƙasa, sa'an nan ta yi baƙi. Wannan baƙi a sama kawai yake, ana goga toka sai farin ya dawo. Wanda ya saba da azurfa ya san cewa irin wannan baƙi alama ce ta ƙarfen gaskiya. Abin tsoro shi ne tsabar da ake gogawa ja ya ɓullo daga ƙarƙashi, domin wannan na nuna tagulla ce aka yi wa wankan azurfa. Ke nan tun a wancan zamani an riga an san ƙa'ida ta farko: a tantance ko launin ya hau kan ƙarfen ne daga waje, ko kuwa daga cikinsa ya fito.

4.0 Anini da Farin Kwabo

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sun ƙuduri niyyar maye gurbin wuri da kuɗinsu, har suka hana shigo da wuri daga waje a 1904. Matsalar da suka fuskanta ita ce ta canji. Kwabon Ingila ya yi wa cefanen talaka girma, domin da wuri kaɗan ake sayen gishiri ko daddawa. Harshe ya adana wannan lissafi, da yake rabin kwabo sunansa "ɗari", wato wuri 100. Idan haka ne, kwabo ɗaya wuri 200 ke nan. Don a cike wannan giɓi ne aka buga tsaba mai darajar kashi ɗaya cikin goma na kwabo a 1907. Tana da huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci mai bayyana darajarta. Hausawa suka kira ta anini, saboda kamarta da aninin riga.

Da alminiyam aka buga aninin farko, kuma yana cikin tsabar kuɗi na farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. Bai jima a hannun jama'a ba ya fara lalacewa, ya dushe, ya yi farin gari, ya yi ramuka. Dalili kuwa shi ne, alminiyam yana da wata siririyar fata da iska ke yi masa, wadda ke kare shi. Gishirin gumi yana huda wannan fata, kanwa da toka suna cinye ta, sa'an nan idan ya kwanta tare da tsabar da ke da jan ƙarfe a wuri mai laima, shi ne ke fara zagwanyewa. Kuɗin da ake ƙullewa a bakin zane ko a zuba a lalita, a yi yini ana zufa da shi a kasuwa, bai tsira daga ko ɗaya cikin waɗannan ba. A 1908 aka daina buga shi da alminiyam, aka koma ga gaurayen jan ƙarfe da nikel. Wannan shi ne karo na farko da lalacewar launi ta tilasta wa hukuma sauya ƙarfen kuɗi a Nijeriya.

Akwai wani abin sha'awa ga masu nazarin harshe a nan. Kalmar "kwabo" ta samo asali ne daga kalmar Ingilishi mai nufin jan ƙarfe, domin kwabon Ingila da ya fara yawo a bakin teku na tagulla ne, ja. Amma kwabo mai huji da aka buga wa Afirka ta Yamma tun daga 1907 fari ne tas, kuma haka ya zauna har 1952. Wato shekara 45 Bahaushe yana kiran farar tsaba da sunan jan ƙarfe. Sai dai sunan bai yi ƙarya ba, domin kashi 75 cikin 100 na wannan tsaba jan ƙarfe ne, kashi 25 na nikel ne ke rinjayar launin ya mayar da shi fari. Shi ya sa idan manomi ya tono irin wannan kwabo a gona bayan ya shekara da shekaru a ƙasa mai damshi, yakan same shi ja ko ruwan ƙasa mai duhu. Mai gani sai ya zaci wani kwabo ne daban ko kuma jabu, alhali jan ƙarfen da ke cikinsa ne ya haɗu da iska da ruwan ƙasa ya bayyana a sama. A 1952, lokacin da nikel ya yi tsada a kasuwar duniya ana tsakiyar yaƙin Koriya, aka koma buga kwabo da ɗari da anini da tagulla, sai suna da launi suka dace.

5.0 Shekarar 1920: Farar Sule Ta Koma Ja

A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, mai hedikwata a Landan, domin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. A 1913 ta fitar da taro da sisi da sule da fataka, wato sule biyu, dukkansu na azurfa, kashi 92.5 cikin 100. Wannan ya zo daidai da lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya buɗe daga kakar 1912. Manomi ya yarda da farar sule saboda ya san azurfa tun zamanin dala. Yana iya biyan haraji da ita, yana iya binne ta a tukunya, yana kuma iya kai ta wa maƙerin fari a ƙera wa matarsa munduwa ko zobe.

Yaƙin Duniya na Farko ya dagula wannan tsari. Azurfa ta yi ƙaranci, hukuma ta fitar da kuɗin takarda daga 1916, amma mutanen karkara ba su yi na'am da su ba, domin gara na ci, wuta na ƙonewa, ruwa na lalatawa. A wurare da yawa sai an rage wa takarda daraja kafin a canza ta da tsaba. Bayan yaƙin, farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabo. A ƙa'idar Ingila, oza ɗaya na azurfar kuɗi ana buga tsabar kwabo 66 da ita, amma a watan Fabrairu na 1920 farashin oza a Landan ya kai kwabo 89 da ɗari. Ma'ana, azurfar da ke cikin sule ta fi sulen kanta daraja, wanda ya narkar da ita ya ci riba.

Ingila ta rage azurfar kuɗinta zuwa kashi 50 cikin 100 a wannan shekara. Sababbin sulallanta suka riƙa yin rawaya-rawaya da ruwan ƙasa idan sun sha hannu, har sai da aka sake gaurayen a 1927. A Afirka ta Yamma kuwa an wuce nan. Bayan an ɗan buga mai rabin azurfa a 1920, a cikin shekarar aka cire azurfar gaba ɗaya, aka koma ga tagulla wadda kusan kashi huɗu cikin biyar ɗinta jan ƙarfe ne, sauran zinki da ɗan kuza. Hoton sarki bai canza ba, bishiyar kwakwar manja da ke bayan sule ba ta canza ba, girma bai canza ba. Launi kaɗai ya canza. Sabuwar sule ta fito tana ƙyalli kamar zinariya, bayan 'yan watanni a kasuwa ta dushe ta yi ruwan ƙasa. Hukuma ta shiga janye ta azurfa, jama'a kuma suka shiga ɓoye wadda ta rage a hannunsu, suna kashe ta tagulla. Da yawa daga cikin fararen sulallan da suka tsira sun ƙare ne a kitson matan Fulani da zobban azurfa.

Sauyin ya haifar da wata matsalar. Ƙarfen da ke cikin jar sule bai kai ko kusa da darajarta ba, ga shi kuma yana da sauƙin samu da sauƙin narkarwa. Duk wanda ya iya zubin tagulla yana iya danna sule ta gaskiya a cikin yumɓu ya sami zubi, ya narkar da tarkacen tagulla ko dalma ya zuba. Shekarun 1920 da 1930 sun zama zamanin yawaitar kuɗin ƙarya, kamar yadda masana tarihi irin su Toyin Falola da Ayodeji Olukoju suka yi nazari a kai. A nan ne Hausa ta sami kalmar "jabu", daga sunan ƙasar Ijebu, inda aka yi ta danganta wannan aiki da ita a wancan lokaci. Ya kamata a faɗa cewa an kama masu buga kuɗin ƙarya a wurare da dama, kuma jingina laifin ga al'umma guda rashin adalci ne. Amma kalmar ta riga ta zauna, har ta faɗaɗa ta game magani da takardar shaida da duk wani abu na ƙarya.

Da farar sule ce, launi kan tona asirin jabu. Da aka koma ta tagulla, wadda ita kanta ta gaskiyar launinta ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai ido ya kasa. Masu ciniki suka dogara ga kunne da haƙori. A buga tsaba a kan dutse a saurara, ta gaskiya tana da amo mai tsawo, ta dalma kuwa amonta a mace yake, kuma haƙori na shiga jikinta. Ita ma hukuma ta gane cewa launi ya daina kare kuɗinta, don haka a 1938 ta fitar da sababbin sulalla na tagulla mai ɗan nikel, aka yi wa gefensu wani kwarmi mai ado a ciki wanda zubin yumɓu ba ya iya fitarwa da kyau.

6.0 Daga 1959 Zuwa 2007

Ranar 1 ga Yuli, 1959, Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kuɗin ƙasa na farko. Ɗari da kwabo na tagulla ne masu huji, taro mai kusurwa 12 ruwan ɗorawa ne, sisi da sule da fataka kuwa suka dawo farare. Sai dai wannan fari na jan ƙarfe da nikel ne, babu ko ƙwayar azurfa a ciki. Da aka koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairu, 1973, an ci gaba da wannan tsari: rabin kwabo da kwabo 1 na tagulla, kwabo 5 da 10 da 25 farare. Da yake naira ɗaya daidai take da sule goma, sai tsofaffin sunaye suka bi sababbin kuɗi, kwabo 10 ya zama sule, kwabo 5 ya zama sisi, naira 2 kuma fam.

Faɗuwar darajar naira bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ta maimaita abin da ya faru a 1920, domin ƙarfen da ke cikin tsaba ya sake yin tsada idan aka gwada da darajar da aka rubuta a jikinta. A 1991, shekarar da aka tare a Abuja, aka fitar da sababbin tsaba. Kwabo 1 da 10 da 25 baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da jan ƙarfe, kwabo 50 mai hoton masara da naira 1 mai hoton Herbert Macaulay kuwa baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da nikel. Idan aka bi kalmar "sule" ita kaɗai, za a ga ta kasance azurfa a 1913, tagulla mai ruwan ɗorawa a 1920, farin gauraye a 1959 da 1973, sa'an nan baƙin ƙarfe mai jar riga a 1991. Suna ɗaya ne, amma a kowane sauyi ƙarfen da ke ƙarƙashinsa yana ƙara araha.

Daga 1991 ne tsabar Nijeriya ta fara yin tsatsa ta ainihi. Lulluɓin siriri ne, da zarar ya ƙuje ko ya gogu a gefe, laima ta sami hanyar shiga. Tsatsar takan fara daga ɗigo guda, ta bi ta ƙarƙashin lulluɓin ta kumbura shi kamar bororo, daga baya ya ɓare. Yanayin wuri yana da tasiri a nan. A yankin Abuja damina na kamawa daga wajejen Afrilu zuwa Oktoba, iska na ɗauke da laima fiye da ta Kano ko Katsina, saboda haka tsabar da aka manta a gwangwani a Kurudu ta fi saurin lalacewa a kan 'yar'uwarta da ke ajiye a Daura.

Ranar 28 ga Fabrairu, 2007, aka fitar da tsabar da ke nan a doka har yau, aka kuma janye ƙananan kwabbai. Naira 1 tana da rawayar tsakiya da farin gewaye, naira 2 mai hoton ginin Majalisar Tarayya da ke Abuja tana da farar tsakiya da jan gewaye. A irin wannan tsaba mai ƙarfe biyu, datti da laima sukan taru a mahaɗar, kuma sau da yawa daga nan duhu ke farawa. Jan gewayen naira 2 kan yi ruwan ƙasa alhali tsakiyar na nan da haskenta. Hauhawar farashi ba ta bar waɗannan tsaba sun daɗe a kasuwa ba.

7.0 Hanyar Gano Musabbabi

Daga bayanan da suka gabata, ana iya tsara matakan da mai bincike zai bi idan tsaba mai baƙon launi ta zo hannunsa.

i. A fara karanta shekara da daraja, domin su ne ke faɗin ƙarfen. Jar sule ta 1925 da jan kwabo 10 na 1991 haka aka buga su, ba su sauya ba. Jan kwabo mai huji na kafin 1952 kuwa ya sauya, tunda fari aka buga shi.

ii. A kusantar da maganaɗisu. Tsabar 1991 tana manne masa saboda baƙin ƙarfen da ke cikinta. Azurfa da tagulla da gaurayen jan ƙarfe da nikel ba sa mannewa. Duk sulen 1959 da ya kama maganaɗisu abin tuhuma ne.

iii. A duba inda launin ya zauna. Idan duhu na cikin lungunan rubutu, tudun hoto kuma na haske, wannan tsufa ne da gogar hannu. Idan tudun ne ya nuna wani launi daban, to lulluɓi ne ya gogu. Idan fuska ɗaya ce ta sauya, tsabar ta daɗe kwance a kan wani abu.

iv. A duba irin launin. Baƙi a kan azurfa aikin farar wuta ne. Ruwan ƙasa mai santsi a kan tagulla aikin iska ne da hannu, kuma kariya ne ga ƙarfen. Kore mai tauri na zuwa ne daga daɗewa a ƙasa ko a laima. Kore mai haske wanda ke zuba kamar gari aikin gishiri ne, shi kuwa ciwo ne mai ci gaba da cin ƙarfen har ya huda shi. Kore mai danƙo na fitowa ne daga ajiya a cikin wata irin leda mai laushi. Shuɗi da shunayya masu walƙiya kamar bakan gizo galibi alamar wuta ce ko zafi mai tsanani. Toka-toka marar ƙyalli, tare da ƙananan ramuka da tabon zubi a gefe, alamar dalma ce da aikin jabu.

v. A tambayi abin da aka yi wa tsabar. Ruwan tsamiya da lemun tsami, waɗanda mata ke wanke kayan tagulla da su, suna cire fatar da shekaru suka yi, su bar jan ƙarfe da wani ja mai haske wanda bai yi kama da na kuɗi ba. A jikin tagulla mai zinki, tsami kan cinye zinkin ya bar jajayen tabo. Idan kuma aka jiƙa kwabbai masu yawa a ruwan tsami guda, jan ƙarfen da ya narke yana iya hawa kan baƙin ƙarfen da ke tare da su ya rina shi. Tagullar da aka shafa wa zaiba takan yi fari kamar azurfa na ɗan lokaci, tsohuwar dabara ce ta mayaudara, kuma zaiba guba ce.

Wannan tantancewa tana da muhimmanci ko a fuskar shari'a. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya bambanta lalacewar da yawan amfani ke jawowa da wadda mutum ya yi da gangan, kamar hudawa ko sassaƙawa ko rage nauyi, ya kuma tanadi ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Ta fuskar tarihi kuwa, babbar hasara ita ce gogewa. Wanda ya sami tsohuwar tsaba ya dirje ta da yashi ko toka don ta yi kyau, ya share shaidar inda ta kwana da abin da ta haɗu da shi, ya kuma rage mata daraja a wurin masu adana kayan tarihi. Wankewa da ruwa mai tsabta da busarwa sun wadatar.

8.0 Kammalawa

An ga cewa launin tsabar kuɗi na sauyawa ta hanyoyi uku: hukuma ta sauya ƙarfen, ko muhalli ya yi aiki a kansa, ko hannun mutum ya taɓa shi. Na farkon shi ne ya fi nauyi a tarihi, kuma shi ke ƙayyade yadda sauran biyun za su kasance, domin azurfa ba ta tsatsa, baƙin ƙarfe kuma ba ya kore. Shekarun 1908 da 1920 da 1952 da 1991 duk sun bar alamarsu a jikin tsaba, kowace da launinta.

Abin da ya rage shi ne aikin masana harshe. Yaron da aka haifa a Kurudu bayan 2007 yana cewa ba shi da ko sisi, yana jin an ce wane bai ba da ko anini ba, ko kuma kwabon wane ya yi ruwa, alhali bai taɓa riƙe ɗaya daga cikinsu ba. Kalmomi irin su ahu da taro da nai da fataka suna cikin ƙamusun Bargery na 1934, amma sun kusa fita daga bakin jama'a. Dattawan da suka yi ciniki da jar sule da farin kwabo, waɗanda suka san sunan da kowane gari ke kiran kowace tsaba da yadda ake gane ta ƙarya, suna ƙarewa. Babban Banki yana da gidan adana kayan tarihin kuɗi a Abuja inda ake iya ganin tsabar kanta. Ya rage ga sassan nazarin harsunan Nijeriya su tattara sunayen da karin maganar da ke tattare da su, a Hausa da Fulfulde da Kanuri da Gbagyi da sauran harsuna, a haɗa kowane suna da tsabarsa da shekararsa, tun masu sanin suna raye.